Baƙuwa a Cikin Allo

A saman bene, Kantin Kwari, bayan la'asar,
fanka na juya zafi kamar mai tuƙa tuwo,
ni da kwamfutar shago muna kallon-kallo.
A cikinta akwai wata kwamfutar,
'yar tsohuwa, ba ta da jiki balle ta yi ƙura,
wadda Yaya Sallau ya gina tun yana da rai
don ta riƙe mana lissafin shadda da atamfa.
Ya ce: babbar ce mai masauki, wannan baƙuwa ce,
ki kula da ita.

Yau baƙuwa ta daina gaisawa da duniya.

Mai masauki lafiyarta lau,
saƙo na shiga, hoton leshi na fita har Agadas.
Amma ta ciki, in na ce je ki,
sai ta tsaya tana juya ɗan zobe,
tana juyawa,
can ta ce ba hanya.

Alhaji Tanimu ya leƙo, biro a kunne:
"Ladidi, mutanen Maraɗi na jiran takardar kaya,
motarsu ba ta kwana."
Na ce to. To ɗin da ba shi da gindi.

Na kashe, na kunna, maganin kowa da kowa.
Shiru.
Na buɗe baƙin allo, na aika sallama
gidan takwas, takwas, takwas, takwas.
Sau huɗu ina ƙwanƙwasawa,
sau huɗu lokaci ya ƙare ba wanda ya ce wane ne.
Ashe ba mantuwar suna ba ce,
da suna ne, da lamba ta kai ni.
Na tambaye ta adireshinta,
ta miƙo ɗari da sittin da tara,
lambar wanda ya nemi mai unguwa bai samu ba
ya raɗa wa kansa suna.
Gurbin ƙofar fita kuwa fayau:
gari da ganuwa, ba ƙofa ko ɗaya.

Na zargi katangar tsaro, na sauke ta, na mayar.
Na zargi data. Na zargi yaron da ya share tebur.
Na kira Ɗanjuma na Fam Santa,
ya ce in kawo gobe, dubawa dubu biyar.
Gobe! Direba na ƙasa yana danna oda.

An fara jan ƙofofin shaguna.
Na sunkuya ɗauko takalmina ƙarƙashin tebur,
sai ga shuɗiyar waya, guntu biyu,
wadda ɓera ya ci daren jiya.
Ni da kaina na tura ta can da safe,
na jona babbar da wayar hannuna, na manta.

Na buɗe saiti. Ga gadar da Yaya ya ɗora,
ƙafa ɗaya a ɗakin baƙuwa,
ɗayar a kan waccan igiyar da ta mutu.
Tun safe tana tsaye bakin toshasshiyar ƙofa
tana jiran hanyar da ya nuna mata.
Ba wanda ya gaya mata gidan ya sauya zaure.

Na daɗe da yatsa a kan linzami.
Shekara shida ba wanda ya taɓa wannan shafin,
zaɓinsa ne, da hannunsa,
wataƙila yana cin gyaɗa, yana zubar da ɓawo a aljihu
yadda ya saba.

Sannan na ɗage gadar, na ɗora ta kan iska.

Sallama. Amsa.
Sallama. Amsa.
Har huɗu, ba ko ɗaya da ta faɗi a hanya.
Firinta ta yi tari, ta tofo takarda:
shadda dila tara, Maraɗi.

Alhaji ya karɓa yana gyara hula:
"Wai me ya same ta?"
Na ce, ɓera ne.

Da ya sauka na yagi gefen rasit,
na rubuta: in an sauya waya, a duba gada.
Na manna a jikin allo,
ƙasa da tasa takardar da ta koɗe,
mai cewa kar a kashe ba a adana ba.