Da Wane Mudu?

Bappah Hammayo ma'auni ne a Tudun Hatsi,
shekara talatin yana tula gero a bakin mudu.
Ranar Talata ɗansa ya sauke shi daga keke napep,
ƙafar dama ba takalmi,
babban yatsa ya kumbura, ya yi jawur,
yana ƙyalli kamar tumatirin Daɗin Kowa.

Na zaro takarda.
"Baba, daga ɗaya zuwa goma, nawa ne zafin?"
Ya dube ni, ya dubi yatsan.
"Goman wa? Taki ko tawa?"

Likita ya zuƙo ruwan gaɓar da sirinji,
ya ɗiga a ƙarƙashin madubin awo, ya ce in leƙa.
Allurai ne sirara,
sun warwatse kamar an kifar da gwangwanin tela.
Gishirin da jini ya tara ne ya daskare a gaɓa.
Wannan kam ido ya gani, ba musu.
Musun yana wajen auna sauƙi.

Da dare na baje fayiloli a kan tabarma.
Na Azare sun rubuta abin da jini ya nuna, lamba tsura.
Na Kaltungo sun ƙirga tashin ciwon a shekara.
Wata a Bajoga ta zagaye gaɓa da zare, ta auna kumburi,
mu kuwa a Gombe muna ta ɗaya zuwa goma.
Kowa ya ce maganinsa ya ci.
Na nemi jimla, ta ƙi fita:
gero da manja da yadi a buhu guda.

Da ya dawo na yi masa ƙorafi.
Ya yi dariya har ya dafe gwiwa.
"'Yata, mun sha wannan ruwan.
Na Kumo ya zo da mudu mai faɗin baki,
na Dukku ya bubbuge gindin nasa ya lotsa,
kowa na rantsuwa mudu ya auna.
Sai da muka kwana uku muna sa-in-sa a rumfa
kafin aka fid da guda, aka rataye,
mai shakka ya je ya gwada nasa."

Na ce, to me zan zuba a nawa?

"Zuba jinin, tunda ku kuka san shi.
Zuba zafin.
Amma ki rage wuri.
Mako uku ina salla a zaune.
Mayafi in ya shafi yatsan nan cikin dare,
har maƙwabta sai sun ji salatina.
Buhuna a gabana, yaro ke jawo mini.
Wa ya rubuta wannan?"

Na sake bin fayilolin, shafi shafi.
Babu.

Watan gobe za mu zauna, mu da su, a tebur ɗaya.
Za a ja, na sani.
Mai lamba ba ya sakin lambarsa da sauƙi,
ni ma ina jin goman nan kamar gadona.
Amma na riga na ja wani layi a ƙasan fom,
na bar shi da faɗi.

Jiya ya shigo da takalmi ƙafa biyu.
Na buɗe baki zan ce daga ɗaya,
ya ɗaga mini hannu.
"Rubuta: da asuba goshina ya taɓa ƙasa,
kuma sai da na sallame na tuna da yatsa."