Shirwa da Kibiya

Shekara talatin da ɗaya ina durƙushe
a ɗakunan mutane, daga Asawase har Bantama.
Tayil mai kusurwa huɗu na sani:
aza ɗaya, aza ɗan'uwansa,
ja igiya, bar tunani a gida,
ɗaki zai cika kafin azahar.

Sai Tasalla ta dawo daga jami'a da kwali a jaka,
autata, mai tabon tawada a babban yatsa.
Ta zube min siffa biyu a kan tabarma,
ɗaya mai faɗin ƙirji kamar shirwa a iska,
ɗaya kan kibiya, cikinta a lotse.
Ta ce, "Baba, su ke nan, babu ta uku.
In kana da siminti ka kai su bakin teku,
zanen ba zai taɓa maimaita kansa ba."
Na ce, "Abin da ba a haddacewa,
wa zai biya kuɗinsa?"

Maame Serwaa ta biya,
mai atamfa a Kejetia, barandarta taku goma sha huɗu.
Muka sayo yumɓu a Mfensi,
Dantani ya gasa mana ɗari tara,
saba'in suka fashe a wuta, ya ce rabon wuta ne.
Wasu shuɗin baba, wasu jan goron da aka tauna,
kowanne da siririn farin layi a gadon bayansa.
Doka ɗaya: fari ya kama hannun fari.

Ran Talata na fara daga tsakiya.
Shirwa biyar suka haɗa baki
kamar yara a kan akushi.

Laraba da la'asar, gwiwa na zogi,
hadari ya taso ta wajen Tafo,
na aza kibiya a gurbin shirwa.
Ta zauna daram. Fari ya kama fari.
Ko kaza ba ta yi tari ba.

Sai ran Asabar, taku shida daga wurin,
na tarar da gurbi kamar giɓin tsohuwa.
Shirwa ta ƙi shiga, kibiya ta ƙi.
Na juya su, na lallashe su, na zage su,
na jawo injin yanka.
Tasalla ta riƙe min tsintsiyar hannu.
"Laifin ba a nan yake ba."
Ta koma baya da rarrafe, tana ƙirge a ƙasan maƙoshi,
har ta ɗora yatsan nan mai tawada
a kan Laraba.

Ɗari da goma sha biyu muka ɓamɓare.
Maame Serwaa ta kama ƙugu
ta faɗi magana cikin Tonanci
wadda ba ta nemi tafinta ba.
Ni da na koya wa yara ashirin riƙon cokalin gini,
'yar cikina ke miƙo min tayil tana cewa, "A'a, juya."

Yanzu an gama.
Da na watsa ruwan wanki na ƙarshe
shuɗin ya farka, jan ya yi jini a jika.
Na ga tauraro a gindin ginshiƙi,
na ga irinsa sak a bakin ƙofa,
na ce yauwa, na kama ki, yarinya!
Na auna taku uku gabas da kowanne:
wancan shirwa ke maƙwabtaka da shi,
wannan kuwa kibiya biyu ne ke hararar juna.
Haka Aboabo take ran Juma'a,
fuskokin jiya ne, amma sahun ba na jiya ba.

Jikan Maame na tsalle da ƙafa ɗaya
yana neman inda zanen ya gaji.
Ban gaya masa ba.

Gobe ina Suame, banɗakin wani makanike,
farin tayil, igiya, kafin azahar.
Akwai kibiya ɗaya mai karyayyen baki a aljihuna.
A cikin trotro na kama hannuna
yana juya ta, yana nemar mata wuri.