Ɗaya Bisa Dubu Biyu

Kwana shida a mako, a shagona na Agege,
ina ce wa mutane: kar ka motsa.
Ɗaga haɓa. Sauke kafaɗa. Kar ki ƙifta.
Su sandare gaban farin ƙyalle
kamar masu jiran hukunci,
in ba su fasfo huɗu, su ba ni kuɗina.

Ran Lahadi kuwa, kafin danfon farko ya cika,
ina bakin ruwa a Oworonshoki,
inda ba mai jin maganata.

Baba Lamidi ne ya sayar mini da dogon gilashin nan,
da ɗan tabon danshi a gefensa.
Ya ce, da Hausarsa ta 'yan goro:
Sahabi, rana a ƙeyarka, iska ma a ƙeyarka.
Tsuntsu iska yake fuskanta in zai tashi,
in tana dukan bayanka, fuska zai ba ka.

Na saita ƙiftawar inji,
ɗaya bisa dubu biyu na daƙiƙa.
Ka yanka daƙiƙa yadda mai kilishi ke shanya nama,
sala dubu biyu, ka zari ɗaya tak,
a cikinta fiffike ke tsayawa.
Ƙofar haske na wangale ta, biyar da ɗigo shida,
don gari bai gama wanke ido ba.
Na ƙara wa kyamara kwaɗayin haske, dubu da ɗari shida.
Hoton zai yi tsaki kamar garin kwaki, na sani.
Gara tsaki da tsuntsun da ya narke.

Gilashi ya yi gumi.
Legas ko ƙarfe sai ta sa shi zufa.
Na goge da bakin riga, abin da Baba ya hana.

Balbela ta taso daga kan juji,
fara sol, kamar ba can ta kwana ba.
Ita rage mata haske ake yi,
in ba haka ba gashinta ya ƙone,
ta fito kamar ledar da iska ta sura.
Shirwa kuwa, in ta ratsa farin sama, ƙara mata ake yi,
ko ka tashi da baƙin ƙulli babu ido.
Kafin in tuna wanne ne na wa,
duk biyun sun tsallake gada.

Gwiwar hannu a haƙarƙari.
Ƙugu ke juyawa, ba wuya ba.
Ka kama ta tun tana ɗigo daga nesa,
ka bar idon inji ya yi ta bin ta,
ka danna, kar ka saki,
kuma ko bayan ƙarar ta ƙare, ci gaba da juyawa,
kamar mai raka baƙo har ya sha kwana.

Ɗari huɗu da goma sha biyu na ɗauka.
Ruwa. Ruwa. Ƙafar gada. Wutsiya.
Wata mai kwalekwale tana harara ta.
Sama tsirara, sau sittin.

Sai guda ɗaya.
Shirwa ta sunkuyo kan wani abu a ruwa,
farce a buɗe, ɗigon rana a ƙwayar idonta,
kowane gashi da iyakarsa.
Akwai fili gaban bakinta, inda za ta.
Amma bakin fiffiken hagu ya fice daga hoton,
yatsa biyu, ko uku.

Na wanke shi duk da haka,
na manna a saman farin ƙyallen.
Jiya wani mai neman aikin gadi,
Ɗanlami, daga Zuru ya ce,
ya zauna, na ce kar ya motsa,
idonsa ya ƙi barin bango.
Ya ce: Oga, ina sauran fiffiken?
Na ce yana Oworonshoki.
Ya yi dariya, hoton ya girgiza,
muka sake.