Ga Mutari, Kafin Ya Kafa Allonsa

Mutari, ka ce gobe za ka buɗe shago a Zango,
ka kawo mini zanen allo in duba.
Na duba. Zaki biyu, kambi, tauraro bakwai,
sunanka da ruwan zinare, lambar waya har uku.
Yaro, wa zai karanta wannan
yana bisa kabu-kabu, rana na dukan ƙeyarsa?

Sallami zakunan su koma daji.
Bar suna ɗaya da launi ɗaya.
Je ka Birni, ka tsaya gaban tsohon soro,
ka ga yadda magini ya murɗa laka sau biyu ya janye hannu,
har yau ba a tambayar aikin wane ne.
Tambari ke nan:
abin da ke gaisawa da mutane a madadinka
ranar da ba ka nan.

Shekara ashirin da uku ina bin buki,
Garin Malam, Sabon Gari, har ƙauyukan da mota ke tsoro.
Abin da na tsinto bai cika tafin hannu ba.

Ban taɓa cin gardama da rana ba.
Ta tsaka muguwa ce, tana haƙa rami ƙarƙashin ido.
Jira la'asar sakaliya,
sa'ad da duwatsun garin nan suka yi launin ƙuli-ƙuli,
ka kai su can, ka bar haske ya yi rabin aikin,
shi ba ya karɓar ko dala.

Ka tuna Zuwaira, 'yar dukawa?
Baƙa mai sheƙi, kamar tulun Mirriya da ya sha ruwa.
Wani ya wanke ta da na'ura, ta fito fara fat,
kakarta ta juya hoton sama da ƙasa
ta ce, wannan kuma 'yar wa?
Ni na bar mata fatarta,
na bar wushiryarta, na bar ɗan tabon da ke haɓarta.
Hoton yana bango har yau,
ta yi goyo huɗu a ƙarƙashinsa.

In ankon shuɗi ne, kada ka rataya labule shuɗi,
mata su narke ciki kamar gishiri a miya.
In atamfa tana surutu, bango ya yi shiru.
Faɗa wa mai ƙawata rumfa haka, ko za ta harare ka.

Kuma daina cewa a yi murmushi.
Murmushin umarni haƙora ne kawai.
Raɓe gefe, ka yi haƙurin mai kamun fara.
Ga ango yana gyara hula karo na tara.
Ga lalle yana rawa a hannun da ya riƙe mayafi.
Ga uban amarya bayan rumfa
yana goge ido da hannun riga,
wai hayaƙin girki ne.
Shi za a nema bayan shekara talatin.
Na jeren manyan baƙi bisa kujeru,
gara ma sai ta rasa abin ci take taɓa shi.

Cika batir tun dare, wutar garin nan ba ta da alkawari.
Kai kana da shi:
in ka ce Laraba, kada ta zama Asabar.
Sa riga marar hayaniya, ba bukinka ba ne.

Sunanka kuwa, can ƙasa, a kusurwa, ɗan mitsitsi,
yadda baduku ke ɓoye ƙullin zare a cikin jaka.
Kada in gan shi a goshin amarya.

Nawa allon iska ta cire shi damina uku da suka wuce,
maƙwabci ya rufe akurkin kaji da shi.
Ban karɓo ba.
Jiya ma wata tsohuwa ta yi sallama da magariba,
ta ce, nan ne gidan mai hoton
da ba ya mai da mutum wani?

Ɗauki zanenka, ka je ka rage.
Bar mini zaki ɗaya,
jikana zai yi wasa da shi.