Kujeru Arba'in

Kujeru arba'in muka ɗauko haya,
farare, na roba, daga bayan Gidan Zu.
Ni da Sallau muka jera su tun azahar
tsakanin kantar ƙamus da ta littattafan firamare.
Alhaji Mamuda ya ce a share gaban kanti,
a sa zoɓo a kula, a fasa ƙanƙara,
yau marubuciya za ta karanta.

La'asar ta yi, na ƙirga kawuna.
Ɗalibai uku daga jami'a,
ƙanenta, da ƙawarta mai ɗaukar hoto,
da dattijon nan da ba ya fashin taro
don ya yi tambayar da ta fi jawabi tsawo.
Sai mu biyu. Takwas ke nan.
Sauran kujerun suna ta kallon silin.

Malama Lantana ba ta ƙirga ba,
ko ta ƙirga a zuci ta haɗiye.
Ta gyara mayafi, ta goge tabarau,
ta soma a hankali
kamar mai taka tabarmar surukai.

Ba ta kai ƙarshen shafi ba
hadari ya taso ta wajen Hotoro.
Iska ta kwashi fosta ta kai titi,
aka ɗauke wuta,
janareto ya yi tari uku ya yi shiru,
ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Sai ga baƙi.
Mai faci, hannunsa baƙi ƙirin,
'yan adaidaita biyu suna yarfe hula,
mai gurasa ta rufe tirenta da leda,
wata nas da ta taso daga aiki,
yaro mai tallan cajar waya.
Ba karatu ya kawo su ba, fakewa ce.
Sallau ya ce, bismilla, ga wuri.

Ta ci gaba, fitilar waya a kan shafi,
muryarta na kokawa da kwanon rufi.
Labarin wani gida ne a cikin gari
da aka shafa wa jan fenti don titi ya wuce,
da tsohuwar da ta ƙi fita
sai an ciro mata ƙyauren ɗakinta,
da durumin ƙofar gida
wanda zarto ya kayar kafin hantsi.

Mai faci ya ɗaga hannu.
"Malama, ba durumi ba ne, ceɗiya ce.
A gindinta babana ke ɗinkin takalma."
Ta ce, "Malam, gidan nan ni na ƙago shi, babu shi."
Ya ce, "Akwai shi.
Mu muka kwashe kaya daga ciki."

Babu wanda ya yi dariya.
Ta dube shi har fitilar ta karkace,
ta miƙo hannu na ba ta biro,
ta soke durumi, ta rubuta ceɗiya,
ta sake karanta layin daga farko.
Dattijo ya manta tambayarsa.
Mai gurasa ce ta ce, to, ina ƙyauren ya ƙare?

Ruwa ya tsagaita dab da magariba.
Kwafi biyar muka sayar.
Mai faci ya zaro kuɗi jiƙaƙƙu,
ɗari biyu ba ta cika ba,
Alhaji Mamuda ya kau da kai yana neman mukulli.
Ya ce shi bai yi boko ba,
amma Zulai tana aji biyar, za ta karanta masa.
Wanda aka gyara ɗin ta ba shi.

Da dare muna ɗora kujeru kan juna,
goma sha huɗu ne da danshin mutane.
Ɗaya da shatin yatsu biyar a hannunta.
Sallau ya ɗauko tsumma,
ya ce mai haya zai ce mun ɓata masa kaya.
Na ce bar ta tukuna,
sai da safe.