Lissafin Garwa Biyu

Kafin ladanin Alaba Rago ya gyara murya
na riga na tsoma ƙafa a rijiyar Oga Dele,
rijiyar da ba ta kai ƙirjina ba,
ruwanta launin shayin da aka hana madara.
Garwa a dama, garwa a hagu,
in hau, in zuba, in dawo.
A sama manyan wayoyin lantarki suna ƙugi kamar amya,
wutar tana bi ta kanmu
zuwa gidajen da ba mu taɓa shiga ba.

Kunya sittin nake shayarwa a Iyana-Iba:
latas, ugu, alayyafo, albasa mai lawashi.
Ban yi boko ba, amma kafaɗata ta iya lissafi,
ta ma fi Oga Dele,
shi a littafi yake rubuta nasa,
ni kuwa a ƙashi.

Ran Asabar ake biya.
In Iya Bose ta zo ta kwashi ganye da daraja
sai a ƙirga mini cif.
In ruwa ya kwana uku yana zuba, latas ya ruɓe a tsaye,
sai a dafa ni a ce, "Aboki, mu raba asara."
Shekara bakwai ke nan,
ban ji ranar da aka ce mu raba riba ba.

A leda nake kai wa Ladingo kuɗin, kada gumi ya ci rabonsa.
Ta baje su a tabarma kamar mai duba.
Wannan na hayar ɗakin kwano,
ɗakin da in sama ta tsage muke ba kwanuka wurin kwana.
Wannan garin kwaki, wannan gawayi,
wannan na ruwan sha.
Ni da nake yini a ruwa har tsakanin yatsuna ya dare,
jarka nake saye a gida.
Wannan na tsohuwa ne a Gwadabawa,
mai tura kuɗi zai gutsuri nasa kafin ya isa.
Abin da ya saura ta ƙulle a bakin zane,
ƙullin bai kai ɓarin goro ba.

Shinkafa a gwangwani muke aunawa yanzu.
Mun daina ambaton mudu
yadda ake daina ambaton wanda ya tafi bai aiko ba.

Nafi'u bai koma aji ba zangon nan.
Na yanke masa galan, na huda gindin,
yana bina da rabin sawu,
ƙafarsa cikin sawuna.
Ba na waiwayawa.

Sahura ce mai tambaya.
"Baba, wa ke cin latas ɗin nan duka?"
Na ce, mutanen otal, can ƙetaren gada,
da cokali mai yatsu, cikin sanyin na'ura.
Ta ce, "Sun san ka?"
Na miƙa mata ganyen da tsutsa ta riga ta ɗanɗana,
ta tauna, ta yamutsa fuska,
ta ce ashe ruwa ne kawai.
Na ce, e, ruwa ne, ni na ɗauko shi.

Shekaranjiya mutum uku suka zo da hulunan kwano
da wani ƙarfe mai ƙafa uku da ake leƙawa da ido ɗaya.
Ba su yi sallama ba.
Suka kafa jan turke a tsakiyar alayyafo.
Oga Dele ya cire tabarau, ya share goshi,
ya ce shi ma ɗan haya ne,
har ƙasar nan aro ce.
Ya ce saura kwana goma sha biyu ganyen ya isa yanka,
wataƙila mu riga katafila.

Ban faɗa wa Ladingo ba.
Amma jiya na ga ta wanke buhun da muka zo da shi,
ta shanya a kan waya.

Yau da asuba, ina tsakiyar kunya ta talatin,
sai na ga na shayar da turken shi ma,
garwa guda cur, har jan fentinsa yana ƙyalli.
Hannu ya saba.
Na tsaya kaɗan.
Nafi'u ya ce, "Baba, a sa wannan a lissafi?"