Ashirin da Ɗaya da Ɗan Ɗori

Da allin da nake zana wuyan riga
na rubuta a bangon shago, bayan keke:
ashirin da ɗaya.
Saliyu, yaron shagona, ya ce, "Yadi ne ko bashi?"
Na ce kilomita.
Ya yi dariya har allura ta faɗo daga bakinsa.

Shekara ashirin ƙafata na gudu a wuri ɗaya,
tana taka keke, ba ta je ko'ina ba.
Da za a warware zaren da na ɗinka
da ya kai Marwa ya dawo Garwa,
ni kuwa ina nan Yelwa, tumbi na riga ni shiga ɗaki.
Likita ta duba awon jinina,
ba ta yi magana ba sai da ta cire tabarau.

Ranar farko, bayan asuba,
daga ƙofar gida zuwa wajen mai ƙosai,
na rungume sandar lantarki
kamar ɗan'uwan da ya daɗe a tafiya.
Mita ɗari shida. Na auna. Awo ai sana'ata ce.

Astajam, 'yata, ta ja layi a bayan littafin lissafinta:
Litinin kaɗan, Laraba da sauri,
Juma'a hutu, Lahadi mai tsawo.
"A hankali za ka riƙa ƙari, Baba,
rigar da aka ja da ƙarfi, a ɗinki take yagewa."
Maganata ce ta mayar mini.

Takalmi na gwanjo, jaka huɗu a babbar kasuwa,
wani ya riga ni cinye dunduniyarsa.
Wando ni na ɗinka,
da ɗan aljihu a ƙugu, na dabino uku.

Mako na biyar na kai gadar Binuwai.
Masunta na jan koma a ƙasa,
motar auduga ta wuce, gada ta yi rawa, ni ma haka.
Dorina ta ɗago hanci ta yi huci,
na ce sannu, 'yar'uwa, numfashinmu ɗaya.

A ƙarƙashin lambar na rubuta: awa biyu.
Mako na tara gwiwa ta ce ba da ita aka yi shawara ba.
Kwana goma sha ɗaya ina zaune,
ƙanƙarar leda ta sefa hamsin ɗaure a ƙafa,
ina jin masu gudu na wucewa ta bayan taga.
Na goge da yawu, na rubuta: biyu da rabi.
Sai ɗinkin salla ya taso,
dare ya zama na masu kaya, asuba ta barci.
Na sake gogewa.
Yanzu abin da ke wurin: ka iso da ƙafarka.

Lahadin da ta wuce na nufi Pitowa,
dutsen Tingilin a gefena, ba ya matsowa, ba ya barina.
Mata masu kai kaya kasuwa suna tambaya,
"Malam, wa ya biyo ka?"
Na so in ce shekaruna, numfashi bai ishe ni ba.
Dabino na farko a kilomita bakwai,
na biyu a sha ɗaya,
na uku ya faɗi, ban koma ba.
Sha biyar cif. Na dawo a bayan babur,
gishiri ya zana taswira a rigata.

Saura mako uku, saura shida da ban taɓa takawa ba.
An ce ma akwai ɗori, mita casa'in da bakwai.
Ban yi gardama ba,
ko a yadi akan bar na kalmasa.

Jiya na tarar alli ya fara dushewa,
wani ya bi kan lambar ya ƙara mata kauri.
Saliyu yana guga, bai ɗago kai ba.
Can ya ce, "Maigida,
ƙarfe nawa kake fita?"